Uwar Tambaya Ta Tafi, Ta Bar Ƙofar Banki a Buɗe

Cikin alhinin da ba za mu iya ɓoyewa ba, amma da zukata cike da godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, Gamayyar Ƙungiyoyin Neman Bayani a Kan Ayyukan Bankunan Raya Ƙasashe, a madadin mai girma Shugaban Kwamitin Amintattu, da Babbar Sakatariya, da lauyoyinta, da ɗaukacin mambobinta na birni da karkara, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma Shugabarta ta farko, gogaggiyar 'yar jarida, Hajiyarmu, wadda babba da yaro suka fi sani da Uwar Tambaya. Allah ya karɓi ranta da hantsi a ɗakinta, bayan gajeriyar jinya, maigidanta yana zaune a bakin gado, 'ya'ya da jikoki sun cika falo har tsakar gida. An yi jana'izarta a ranar, kuma jama'ar da ta taru ta isa shaida cewa ba iyalinta kaɗai aka yi wa rashi ba.

Matasan da suka shigo wannan aiki daga baya sun tarar da abubuwa da sauƙi, har wasu na zaton haka suke tun asali. Saboda su, da kuma iyalin marigayiya waɗanda suka ara mana ita tsawon shekaru ba tare da ƙorafi ba, Gamayya ta ga ya dace ta faɗi yadda abin ya faro.

Marigayiya ta daɗe tana gabatar da shirin amsa tambayoyin masu sauraro a gidan rediyo, ni kuma mai sa hannu a wannan saƙo ni ne nake zama a bayan gilashi ina daidaita mata murya, shi ya sa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kira na da wani suna ba sai Mai Sauti. Tana da ɗabi'a guda da ta sha haɗa ta da shugabannin gidan: idan ba ta san amsa ba, a gaban makirufo take cewa ba ta sani ba, amma za ta je ta tambayo. Kuma sai ta je.

Wata rana wani kafinta daga unguwar bakin kogi ya bugo waya. Ya ce wasu mutane masu rigunan aiki sun zo da na'urar awo mai ƙafa uku, sun shafa jan fenti a bangon gidansa da na maƙwabta, da aka tambaye su sai suka ce aikin banki ne, suka shiga mota suka tafi. Shi kuwa ya riga ya sayi kwano da katako zai rufa wa ɗansa ɗaki saboda aure ya matso. Abin da yake son sani kawai shi ne, ya ci gaba ko ya dakata? Hajiya ta ce masa ba ta sani ba, amma ya saurari shirin mako mai zuwa.

Ta je ofishin hukumar birni, aka ce mata ai wannan na ma'aikatar ayyuka ne. A ma'aikatar ayyuka aka ce lallai za a yi sabon titi da magudanar ruwa, amma wani babban bankin raya ƙasashe na duniya ne zai ba da rancen aikin, kuma ba za a nuna taswira ba sai da yardarsa. Ofishin bankin yana can saman wani dogon bene mai gilashi, ɗakin jira da sanyi kamar cikin firji, kujeru masu laushi, da hotunan yara suna dariya a gaban famfo. A nan ta haɗu da jami'in hulɗa da jama'a na bankin, mutum mai ladabi, tsaf da shi, wanda ya saurare ta har ƙarshe, ya sa aka kawo mata ruwa, sannan ya ce, "Sai an duba, Hajiya." Ya bayyana mata cewa a dokar bankin ta lokacin, kowace takarda sirri ce, sai wadda aka ambata da suna aka ce a fitar, kuma taswirar aikin da ba a kammala amincewa da shi ba ba ta cikin waɗannan.

Da ranar shiri ta zagayo, Hajiya ta faɗa wa kafinta da duk mai sauraro gaskiyar abin da ta samo: akwai waɗanda suka san amsar, sun kuma karɓe ta hannu bibbiyu, amma dokarsu ta hana su faɗa. Mako ya bi mako tana komawa benen nan, tana dawowa da amsa iri ɗaya, har masu sauraro suka laƙaba wa jami'in suna Malam Sai-An-Duba, sunan da ya bi shi har gidansa.

Amma a unguwar bakin kogi abin ba na dariya ba ne. Dillalai sun shiga gida-gida suna cewa unguwar gaba ɗaya za a rushe, kuma babu diyya, gara mutum ya sayar tun da sauran mai saye. Iyalai da dama suka tsorata, suka rabu da gidajen da suka gada a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kwanon kafinta ya fara tsatsa a jingine, iyayen yarinyar da ɗansa zai aura suka fara aiko da tambaya. A wannan hali ne Hajiya ta tara wata lauya, da wani injiniya mai ritaya, da shugabannin matan kasuwa, da wakilan unguwar, a falonta, aka kafa abin da ya zama wannan Gamayya. Maigidanta, tsohon malamin labarin ƙasa, mutum mai son shiru da jaridarsa, shi ya fara rasa kujerarsa, daga baya ya rasa teburin cin abinci, wanda ya zama ofishinmu na farko. Ya sha faɗa mana cewa shi mace ɗaya ya aura, bai san da kwamiti za a kawo masa ba. Duk da haka shi yake dafa mana shayi, kuma shi yake gyara mana kuskuren rubutu da jan biro kamar muna aji.

Abin da ya bambanta marigayiya da yawancinmu shi ne ba ta iya gaba ba. Mu muna tafasa, muna cewa a yi zanga-zanga a ƙofar bene, ita kuwa sai ta yi kwalliya ta tafi kamar mai zuwa gaishe da dangi. Ta san masu gadi, ta san mai shara, ta san cewa mahaifiyar jami'in tana fama da ciwon gwiwa, kuma ba ta fara maganar taswira sai ta tambayi jikin tsohuwa. Tana ce mana mutumin nan ba mugu ba ne, an ɗaure masa hannu ne, kuma wanda aka ɗaure ba zagi yake buƙata ba. Wata rana ya rako ta har bakin titi, abin da bai saba yi ba, ya ce mata:

"Hajiya, ni mabuɗin ba ya hannuna. Amma masu riƙe da shi sun sanar cewa za su sake duba dokar, suna neman ra'ayin jama'a. Daga ƙasar nan ko mutum ɗaya bai ce uffan ba."

Ba sirri ya fallasa mata ba. Sanarwar tana nan a shafin bankin na intanet tun tuni, cikin harshen da mutanen bakin kogi ba sa ji, a wani lungun da ko mu masu ji ba mu taɓa leƙawa ba. Hajiya ta dawo tana dariya, ta ce an gayyace mu biki amma an liƙa katin a bayan kabad.

Daga nan shirin rediyo ya koma makaranta. Lauyarmu tana karanta daftarin dokar sashe-sashe, Hajiya tana juya shi zuwa maganar da mai sayar da gawayi zai gane, a buɗe layin waya, jama'a su faɗi abin da ke ransu, ni kuma ina naɗa. Manoman da aka taɓa gina madatsar ruwa a gonakinsu suka bugo, masunta suka bugo, malaman makaranta da direbobi suka bugo. Muka haɗa muryoyin da fassararsu muka aika hedikwatar bankin a ƙasar waje, ba mu sa ran komai ba. Sai ga takardar gayyata, ana son wakilinmu ya zo zaman sauraron ra'ayi a gaban daraktoci.

Hajiya muka zaɓa ta wakilce mu, mun kuwa wahala wajen rubuta mata jawabi mai cike da manyan kalmomi, maigidanta ya bi shi da jan biro, aka buga shi a takarda mai kyau. Da ta shiga zauren, ga dogon tebur, ga daraktoci masu wakiltar ƙasashe kowa da abin sauraro a kunne, ga tafintoci a ɗan ɗakin gilashi, sai ta ninke jawabin namu ta sa a jaka. Ta nemi a kunna muryar kafinta, aka kunna, tafinta ya juya musu tambayarsa ta ko ya ci gaba da rufi ko ya dakata. Sannan ta dubi shugaban zaman ta ce:

"Ranka ya daɗe, da kai ne ka fito da safe ka ga jan fenti a bangon gidanka, wa za ka tambaya? Ni na tambayi kowa a ƙasarmu, duk sun nuno nan. To ga ni na zo."

Wani darakta, cikin mutunci, ya ce dole banki ya kare amanar gwamnatocin da yake hulɗa da su, domin akwai maganganun da in an fitar da su ana tsakiyar tattaunawa za su ɓata aiki. Hajiya ta ce ta yarda, ko likita ma ba ya tallan ciwon mara lafiya, kuma ba ta zo neman abin da ministoci suka raɗa wa juna ba. Amma bangon nan ba na minista ba ne, na kafinta ne, rancen kuma da sunan jikokinsa za a karɓa, don haka a rubuta abubuwan da za a ɓoye tare da dalilinsu, sauran duka a bar su a fili. Waɗanda suka halarta sun ce nan take wata darakta ta cire abin sauraronta ta fara tafa mata. Ita dai Hajiya abin da ta fi ba mu labari da ta dawo shi ne tafintan, wanda ta ce ta ga gumi a goshinsa ta cikin gilashi, har ta rage gudu don tausayi.

Dokar ba ta canza a ranar ba, kuma ba ta canza a shekarar ba. Amma ba a jima ba bankin da gwamnati suka amince a nuna wa mutanen bakin kogi tsarin aikin da ya shafe su. Aka manna taswirori a bangon zauren makarantar firamare, injiniyoyin aikin suka zo da kansu, jami'in hulɗa da jama'a ya zo yana ɗauke da naɗaɗɗun takardu a hammata. Ranar nan ta maigidan Hajiya ce. Ya ɗauki dogon sanda ya tsaya a gaban taswira, ya koma malamin da yake a da, yana nuna wa tsofaffi ga kogi, ga kasuwa, ga rufin gidan wane, duk wanda ya yi surutu ya harare shi. A nan aka gane cewa yawancin jan fentin alamar awon tudu da gangare ce kawai saboda magudanar ruwa. Layi ɗaya na gidajen da ke dab da gaɓa ne za a tasa, su ma an tanadar musu fili da diyya. Gidan kafinta ba ya ciki. Mutumin nan ya zauna a kan bencin 'yan makaranta ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa, ba a san ko kuka yake ko dariya ba.

Kuma da idon jama'a ya sauka a kan taswirar, sai matan unguwar suka lura da abin da ba a lura da shi daga nesa ba: sabon titin zai raba gidaje da makaranta da kuma asibitin haihuwa, yara da masu ciki za su riƙa tsallaka hanyar manyan motoci. Injiniyoyin suka duba, suka ce gaskiya ne, aka ƙara gadar tsallakawa a cikin tsarin tun kafin daraktoci su sa hannu. Gadar tana nan ana hawa. Kafinta ya rufa ɗakinsa, aka yi auren, kuma Hajiya da Malam Sai-An-Duba a tabarma ɗaya suka zauna.

Duk da wannan farin ciki, marigayiya ba ta taɓa yarda a ba da labarin nan a tsallake waɗanda suka sayar da gidajensu cikin tsoro ba. Lauyoyinmu sun bi musu kadi, wasu sun dawo da nasu, wasu har yau suna haya a bayan gari. Duk inda aka tashi yabonta sai ta katse mai magana ta tuna da su, ta ce da an faɗi gaskiya da wuri da suna nan cikin maƙwabtansu. Gamayya tana ambaton su a nan domin mun san da tana raye ba za ta bari saƙon ya fita babu su ba.

Bayan wasu shekaru na kai da kawo, tare da ƙungiyoyi irin tamu daga ƙasashe da dama, bankin ya juya dokarsa. Yanzu kowace takarda a buɗe take sai wadda aka bayyana dalilin rufe ta, ana fitar da bayanin aiki kafin daraktoci su zauna a kansa, ana taƙaita shi cikin harshen mutanen da abin ya shafa, kuma wanda aka hana bayani yana da kwamiti mai zaman kansa da zai kai kuka. Wasu bankunan suka bi sahu, wasu har yanzu suna jan ƙafa. Da muka kawo mata labari muna tsalle, ta taya mu murna sosai, sannan ta ce ƙofar gida ce aka buɗe, akwai sauran ɗakuna a ciki, gobe kowa ya zo aiki da wuri. An buɗe ɗakin karatu na jama'a a ƙasan benen nan na ofishin bankin da ke garinmu, ba sai an hau sama ba, kuma wanda aka fara ba riƙonsa shi ne tsohon jami'in hulɗa da jama'a. Duk wanda ya shigo da tambaya sai ya ja masa kujera ya ce, zo mu duba. Da ya yi ritaya ya shigo Gamayya, a yau yana cikin amintattunmu masu daraja, kuma shi ne ya fara isa gidan rasuwa.

Gamayya tana miƙa ta'aziyyarta ga babanmu, maigidan marigayiya, abokin zamanta na tsawon rai, wanda ya ba mu falonsa da teburinsa da haƙurinsa. Da babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ajiye aikinta ta riƙe mahaifiyarta har ƙarshe. Da sauran 'ya'ya, da surukai, da ƙannenta, da jikoki. Mun san gidan nan zai yi shiru irin wanda bai saba ba. Mun san labarin jikokin da suka taɓa haɗa kai suka zo mata a jere, suna neman a bayyana musu inda ake ɓoye alewa, tunda kakarsu ce ta ce kowa yana da haƙƙin sani, ita kuwa ta gyara zaman tabarau ta ce musu sai an duba. Babbar 'yarta ta shaida mana cewa ko a asibiti, da ta ga likita ya ja yara gefe zai yi musu raɗa, sai ta kira shi ta ce ya dawo ya faɗa a gabanta, jikin nata ne. Ya faɗa, ta yi masa tambayoyi har ta gamsu, ta gode masa, sannan ta ce a mai da ita gida cikin jikokinta. Muna roƙon Allah Mai rahama ya gafarta mata, ya haskaka makwancinta, ya sa alherin da ta shuka ya zama mai bin ta, ya ba iyalinta da mu baki ɗaya ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi.

A ƙarshe, Gamayya tana sanar da jama'a wasiyyar da marigayiya ta bar mana. A makonta na ƙarshe ta aika aka kira Shugaban Amintattu da Babbar Sakatariya da ni, muka tsaya a bakin gadonta muna jiran nasiha mai sa kuka. Sai ta tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa zuwa ofishinmu ya nemi ganin takardun Gamayya, kuma in ya zo za mu ba shi. Muka dubi juna. Ta yi dariya har sai da 'yarta ta gyara mata matashi, ta ce:

"Kun ga irinta ko? Ku je ku buɗe kabad ɗinku. Har da rahoton taron da kuka yini kuna faɗa a kan launin labule, kada ku cire."

Kwamitin Amintattu ya zauna bayan jana'iza, ya amince ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba, duk da cewa wasunmu sun san sunayensu za su fito a maganar labule. Saboda haka, daga farkon mako mai zuwa, rahotannin tarukanmu, da sunayen masu tallafa mana, da yarjejeniyoyin da muka sa wa hannu, da duk muryoyin da muka naɗa da izinin masu su, za su kasance a kan kanta a ɗakin gaba na ofishinmu a lokutan aiki. Duk mai son gani ya shigo, ba sai ya san kowa ba, ba kuma sai ya faɗi dalili ba. Wanda bai iya karatu ba, akwai mai karanta masa.

Allah ya jiƙan Uwar Tambaya, ya sada ta da rahamarsa, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Sa hannu:
Mai Sauti
Kakakin Gamayya kuma Daraktan Yaɗa Labarai
A madadin Shugaban Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobi